Wa Zai Tsaya Maka?

Duk babban kamfanin da ka sani a Gana, in ka bi sawunsa, a kudu za ka tarar da gidansa. Bankuna da kamfanonin waya irin su MTN da Telecel suna Akra. Masana'antun Unilever da Nestlé suna Tema. Zinariya tana Obuasi da Tarkwa da Kenyasi, man fetur kuwa, tun da aka fara haƙo shi a rijiyoyin Jubilee a ƙarshen 2010, hada-hadarsa ta tare a Takoradi. Mu 'yan Salaga da Yendi da Bawku da sabulunsu muke wanki, da layinsu muke gaisawa da dangi, amma ranar da suka buɗe ɗaukar ma'aikata sai ka ɗauki jaka ka kama hanya. Daga Tamale zuwa Akra ya haura kilomita 600. Ɗan Salaga ko dai ya hau Tamale ya sake gangarowa, ko ya nufi Makango ya zauna jiran jirgin fito ya haye tafkin Volta zuwa Yeji, sannan Atebubu, Ejura, Kumasi. Ɗan Bawku kuwa sai ya fara isa Bolga kafin ma a ce ya soma tafiya. Kuɗin mota shi ne jarrabawa ta farko, ko da yake ba a taɓa rubuta shi a tallan aiki ba, kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa.

Na gama jami'ar UDS a 2014, aka tura ni bautar ƙasa Yendi, ana ba mu alawus na sidi 350 a wata. Muna cikin hidimar, a watan Afrilun 2015, gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar bashin dala miliyan 918 da asusun IMF, kuma cikin sharuɗɗan har da dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikatan gwamnati, in ban da fannin lafiya da ilimi. Duk wanda ya yi karatun kasuwanci ko lissafin kuɗi irina sai ya juya ga kamfanoni, mu dubbai a kan 'yan gurabe. Shekarar kuma ita ce ganiyar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Za ka biya kuɗin awa a shagon intanet, ka cika fom shafi-shafi, ka kai wurin ɗora hoto, wuta ta ɗauke. Gobe ka dawo ka faro daga sunan mahaifi.

Akwai layi guda a tallace-tallacen nan da ya fi kowane ci mini rai, wato iyakar shekaru. Yawancin shirye-shiryen horar da sababbin ɗalibai suna cewa kada mai nema ya wuce ashirin da 'yan kai. Wanda ya tsara wannan sharaɗi yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara shida yake gani a ransa. Mu a zango allo ake fara ba ka, sai ka yi nisa a izu kafin a yarda ka sa rigar makaranta, kuma tsakanin sakandare da jami'a akwai shekarar da za ka zauna a kasuwa ka tara kuɗin rajista. Kafin ka riƙe digiri ka riga ka kai bakin iyakar. Tazarar ma ta girme mu. An buɗe makarantar Mfantsipim a Cape Coast tun 1876, Achimota a 1927, amma arewa ba ta samu sakandaren gwamnati ba sai 1951 a Tamale, domin Turawa sun ɗauki yankin a matsayin rumbun leburori na ma'adinai da gonakin koko. Wanda ya yi waɗancan tsofaffin makarantu yana da kaka da uba da yayye a kowane bene na Akra. Ba laifinsa ba ne, amma kada a ce mini tare muka tashi tseren.

Kira yakan zo ta saƙon waya: jibi da ƙarfe takwas na safe, a Akra, ka zo da biro da katin shaida. Jibi! Mma ta taɓa roƙon 'yan adashinsu su ba ta ɗauka kafin layinta ya zo, don kawai in samu na mota. Sai ka kwana a zaune cikin bas, ka sauka da asuba, ka nemi ɗakin wani ɗan garinku a Nima ko Mamobi ka watsa ruwa, ka sa kwat ɗin aro, ka isa wani babban zaure ka tarar da ɗaruruwa sun riga ka. Tambayoyin ba su fi ƙarfin kowa ba, lissafi ne da Turanci da wasu zane-zane da za ka gano na gaba, sai dai agogo ne abokin gabar, kuma wanda ya yi barci a gadonsa ya fi wanda ya kwana yana girgiza a hanyar Kintampo sauri. In an tashi a ce za a neme ku. Wannan shirun da ke biyo baya ya fi cewa a'a ciwo. Wanda aka ce masa bai samu ba ya san inda ya kwana. Wanda aka bari cikin shiru kuwa, duk lambar da bai sani ba ta kira shi sai gabansa ya faɗi, kuma duk wanda ya gamu da shi a masallaci sai ya ce, "Yaya, an ji daga Akra?"

In Allah ya sa ka tsallake zuwa intabiyu, wata matsalar ce ta daban. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci, yaro ba ya tsura wa babba ido, ba ya katse shi, in an yabe shi ya sunkuyar da kai. Sai ga mutum huɗu ko biyar a bayan tebur suna cewa ka gaya musu abin da ka fi sauran masu nema da shi. Ladabin da ake yaba maka a gida, a can sunansa rashin kuzari. Wannan dai ana koyonsa, na kuma koya. Wanda ban taɓa sabawa da shi ba shi ne tambayar gari. A wani kamfani wata mata mai fara'a ta duba takardata ta ce, "Ina ne garinku?" Na ce Salaga. Ta ce, "To kai Bagwanje ne ke nan." Na ce a'a, Bahaushe ne. Ta yi murmushi ta ce, "Ina nufin asalin garinku." Kakan mahaifina da ayarin goro ya zo daga ƙasar Kano tun ba a san za a yi wata ƙasa mai suna Gana ba, kabarinsa yana Salaga, amma ga jikan ɗansa ana neman ya nuna wani wuri a taswirar Najeriya. Ba na jin matar ta yi da mugunta. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 ya haramta wariya saboda ƙabila ko addini, ta kuma san haka. Sai dai a gidajenmu ba a manta da 1969 ba, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda makonni biyu su bar ƙasar, zanguna suka yi ta kwashewa a manyan motoci. Tambayar da ita ta ɗauka hira ce, ni da wannan nauyin ta same ni, kuma sauran amsoshina a ranar duk a rikice suka fito.

A zauren jira kuwa hira ɗaya ce: furotokol. Wane ya ce sunayen da za a ɗauka sun riga sun sauko daga ofishin wani babba, mu cika zaure kawai aka kira mu yi. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma magani ne da wanda ya faɗi yake shafa wa zuciyarsa. 'Yan damfara sun san wannan sarai. Wani abokina ya sayar da babur ɗinsa ya tura kuɗin ta momo, wato ta waya, ga wani da ya ce yana da gurbin furotokol a kamfanin ma'adinai. Da kuɗin suka shiga, layin ya mutu.

Wata rana na koma Salaga ina ta ɓaɓatu a kan son kai da sanayya, Kawu yana kishingiɗe yana saurare. Tsohon dillalin goro ne. Da na gaji ya ce, "Kai yaro, duk wannan takardu da kake aikawa, wa ya tsaya maka?" Na ce, "Kawu, ai yanzu ba haka ake yi ba, cancanta ake dubawa." Ya yi dariya har da tari. Ya ce a zamanin da Salaga take Salaga, kafin yaƙin sarautar Kpembe na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, baƙo ba ya shiga kasuwa haka kawai. Madugu zai sauke ayari, kowane falke ya nufi gidan maigidansa. Maigida ne zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in kuma ciniki na bashi ne shi zai yi lamuni. In wanda ya tsaya wa ya gudu, shi zai biya daga aljihunsa, in ya ƙi biya kuma ba falken da zai sake sauka a gidansa. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan kasadar ce. Kawu ya ce, "Ba wanda ke miƙa wa baƙon ido dukiyarsa saboda takarda. Ko Bature bai yi ba." A lokacin na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Ga yadda na samu aiki. Na jima ina ba da labarin nan ina tsallake wani yanki nasa.

Tun ina bautar ƙasa a Yendi nake zuwa da yamma shagon wata Hajiya, babbar dila mai sarin sukari da madara da sabulu tirela-tirela tana rarraba wa ƙananan 'yan kasuwa har Bimbilla da Saboba da Zabzugu. Ba ta yi boko ba. Bashin da take bin mutane kusan duk a kanta yake, sauran kuma a wasu littattafai da yara daban-daban suka yi wa rubutun kaza. Na zauna na tsara mata su, kowane mai karɓar kaya da shafinsa, har muka gano wani yaron shago da ya daɗe yana yi mata ɓera. Ba albashi take ba ni ba, sai dai tuwon dare da ɗan na sabulu. Bayan na gama hidima na ci gaba da zuwa, don zaman banza ya fi aikin kyauta ciwo. A 2017 ɗaya daga cikin kamfanonin da take saye a wurinsu ya yi tallan neman wakilan sayarwa a arewa. Na cika fom kamar kullum, ban ma gaya mata ba, a bakin wani ta ji. Ta kira ni ta ce, "Ɗan boko, ashe kana neman aiki wurin mutanena ba ka faɗa ba?" Na ce, "Hajiya, kunya na ji kada in ɗora muku nauyi." A gabana ta sa aka kira mata manajan shiyya. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Akwai yarona a cikin masu nema. Ya riƙe mini littafi, ko kobo bai ɓata ba. In ya ci kuɗinku ku zo wurina."

Na rubuta jarrabawa, na yi intabiyu, likita ya duba ni, na kawo takardar 'yan sanda mai nuna ban taɓa laifi ba. Duk na bi, kuma na yi imani na ci. Amma na ci irinsu a baya ba a kira ni ba. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne an zaro takardata daga cikin tulin an karanta ta da idon rahama. Shekaru ina gaya wa ƙannena a zango cewa naci da addu'a ne, haka ne kuma, sai dai ban cika ambaton wayar Hajiya ba, domin ina so a ce da ƙarfina na shiga.

Da takardar ɗauka ta zo sai na ga abu biyu. Na farko, ashe ba ma'aikacin kamfanin ba ne ni. Wani ƙaramin kamfani mai samar da ma'aikata ne ya ɗauke ni ya ba su aro, rigar da tambarin nasu ne, albashin da kwantiragin na ɗan kwangila. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce wanda ya yi wa ubangida ɗaya aiki wata shida a jere a matsayin na wucin gadi a ɗauke shi tamkar na dindindin, to amma in a takarda wani ne ubangidanka, sai a yi ta sabunta maka kwantiragi. Duk mai karɓar irin wannan aiki ya duba sunan wa ke saman takardar, ya kuma je ofishin SSNIT da ƙafarsa ya ga ko ana zuba masa kuɗin fansho, kashi 13 daga wanda ya ɗauke shi aiki, kashi 5.5 daga albashinsa. Na biyu shi ne fom ɗin masu lamuni: mutum biyu masu gida ko albashi ko kasuwanci sananne, da hotunansu, su sa hannu cewa in kuɗin kamfani ya salwanta a hannuna su za su biya. Hajiya ta dangwala babban yatsanta. A ranar na tuna dariyar Kawu. Kamfanin da ya sa ni cika shafuka a kwamfuta da sunan cancanta, a ƙarshe tambayar Kawu ya yi mini.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa abin da Hajiya ta yi ba furotokol ba ne, kuma har yanzu ina ganin akwai bambanci. Ɗan siyasar da ya aiko da suna bai taɓa ganin aikin yaron ba, in yaron ya yi ɓarna kuma ko sisi ba zai biya ba, hasali ma kamfanin ne zai ji tsoron korarsa. Hajiya ta ga aikina, ta kuma sa dukiyarta a kai. Amma bambancin nan ba ya ciyar da wanda ya zauna kusa da ni a zauren jarrabawa, mai ƙoƙari kamata ko fiye, wanda Allah bai haɗa shi da wata Hajiya ba.

Bawku aka tura ni. Gari ne na ciniki tun asali, kasuwa na ci duk bayan kwana uku, ga albasa, ga dabbobi, ga mutanen Burkina ta Kulungugu da na Togo ta Sankase, sidi da sefa suna canza hannu. Kusasawa da Mamprusawa da Bisawa da Mosawa da Fulani, in ciniki ya haɗa su sau da yawa da Hausa ake ƙarewa. Hausar da ban taɓa sa ta a CV ba sai a layin ƙarshe, ita ta riƙe mini aikin. Na yi shekaru a can lafiya, aka mai da ni cikakken ma'aikaci, aka dawo da ni Tamale dab da lokacin da rikicin sarautar garin ya sake tashi a ƙarshen 2021.

A Tamale ne na fara zama cikin masu yin tambaya, na kuma ga abin da ban gani ba ina mai nema. Gurbi kaɗan, takardu himili. A ciki akwai waɗanda suka fito daga NABCO, shirin da gwamnati ta ƙaddamar a 2018 ta ɗauki masu digiri 100,000 a kan sidi 700 a wata, ya ƙare a 2022 ana bin sa bashin alawus. Akwai tsofaffin ma'aikatan banki da suka rasa aiki lokacin da UT Bank da Capital Bank suka rushe a 2017, da kuma bankuna biyar da aka narkar cikin Consolidated Bank a 2018, mutane masu iyali suna neman aikin da yaro ɗan bautar ƙasa yake nema. Ba mai iya karanta wannan tuli duka. Kwamfuta ce ke fara zubar da na zubarwa bisa shekaru da darajar digiri, sauran a raba mana, kowa ya duba a gurguje tsakanin wasu ayyukan. Shirun da na sha zagi a kansa, ashe sau da yawa ba wulaƙanci ba ne, ba wanda aka ɗora wa aikin ba da amsa ne kawai. Wannan bai wanke mu ba. Kuma a kowane zama, in an gama lissafin maki, sai wani ya jingina da kujera ya ce, "Akwai wanda ya san shi?"

Akwai wata yarinya 'yar Bawku da ba na mantawa. Ita ta fi kowa maki a rubutacciyar jarrabawa. Lokacin dokar hana fita ce, hanyar Bolga ba ta da tabbas, aka yarda ta yi intabiyu ta bidiyo. Layi ya yi ta yankewa, fuskarta ta daskare a allo tana tsakiyar magana, ta sake kira, ya sake yankewa. Abin da muka samu ji daga bakinta mai ma'ana ne. Da aka zo shawara, wani ya ce masu lamuninta duk a Bawku suke, wa zai je ya tantance gidajensu a wannan hali? Wani ya kawo zancen da ba a rubutawa: in an tura ta can, unguwannin wane ɓangare za ta iya shiga? Ba wanda ya tambaye ta ƙabilarta, amma kowa ya sake duba sunan mahaifinta. Sannan aka juyo gare ni, tunda ni na zauna a garin. "Ka san ta? Za ka tsaya mata?"

Ban san ta ba. Na ce makinta ya isa ya tsaya mata, a ba ta dama ta zo Tamale in hanya ta yi sauƙi. Aka ce lokaci ya ƙure, tambayar ita ce ko ni zan sa hannu. Na ce ba zan iya sa hannu a kan wadda ban taɓa ganin aikinta ba. Aka ɗauki na biyu, wanda wani dilanmu ya san shi, yaron kirki ne kuma yana nan yana aiki. Na sha juya wannan zama a raina. In na ce na san ta na yi ƙarya, in kuma lamuni ya zama abin da ake yi wa kowa don tausayi to ya tashi daga lamuni. Duk da haka ita ce ta fi cancanta, mu kuma muka bar ta saboda inda aka haife ta da kuma rashin wanda zai ɗaga waya dominta.

Abin da na iya yi bayan nan kaɗan ne. Na yi ta naci har aka yarda a riƙa rubuta jarrabawar guraben arewa a Tamale maimakon Akra, a kuma ba da sanarwar mako guda. Na karɓi aikin tura saƙon "ba a dace ba" ga duk wanda ya zo intabiyu, wasu su yi godiya, wasu su zage ni, duka ina karɓa. Yaran da ke kawo mini CV kuwa, nakan gyara musu, sannan in tambaye su wane babba ne ya taɓa ganin aikin hannunsu. In babu, sai in ce su je su nemi shago ko gareji ko asibiti ko gonar wani su riƙe masa wani abu, ko da ba biya, har ya san su. Wasu suna jin haushin wannan shawara, suna ganin digiri ya wuce haka, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni ma na fara dangwala hannu a fom ɗin lamuni, ga waɗanda na ga aikinsu kaɗai. Yawancinsu sun fitar da ni kunya. Ɗaya, ɗan unguwarmu a Salaga da ya taɓa yi mini aikin ƙidayar kaya ba tare da kuskure ba, ya tattara kuɗin cinikin mako ya shige dajin galamsi, inda ake haƙar zinariya ta bayan fage, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kamfani ya ciro takardar da na sa wa hannu, aka yi ta yankar albashina wata-wata har bashin ya fita. Maiɗakina ba ta daina yi mini gori ba, mahaifin yaron kuma har yau in ya hango ni a masallacin Juma'a sai ya canza sahu.